Jan da Ban Gani Ba

Mesaimeer, Doha,
Juma'a, 9 ga Agusta.

Zuwa ga uwargidana, Hajiya Safiyyatu,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina tambayar lafiyarki da ta yara da jikoki. Yaya ƙafar Inna? Yaya damina a Yauri? Idan kin tambaye ni, ina nan lafiya, sai dai gajiya. Zafin watan nan ba na rana kaɗai ba ne, iskar ce ke da laima, mutum ya fito daga mota ya ji kamar an lulluɓe shi da jiƙaƙƙen bargo.

Saƙonki ya same ni, kuma na ji dariyar da kuka yi a kaina. Wato autarmu Bilƙis ta zauna gyaran akwatin takarduna, ta ga kalmar sounding a kan shahadata, ta buɗe ƙamus, ta ce ashe shekara talatin da takwas Baba aikin yin ƙara yake yi. Ki gaya mata na yarda ita malamar Turanci ce, amma a layin farko na ƙamus ta tsaya. Ta sauka ƙasa kaɗan.

Gaskiya ne Turawa suna faɗin kalmar a kan sauti, kamar busa ƙaho ko kaɗa ƙararrawa. Tamu daban ce, kamannin rubutu ne kawai ya haɗa su. Tamu ita ce auna abin da ido ba ya kaiwa. In kin tuna, shekarar da aka ɗaura mana aure aikina a Lakwaja shi ne in tsaya a goshin kwalekwale da doguwar gora mai zane-zane, ina caka ta cikin Kwara ina kiran lamba, maigidana marigayi Malam Ɗalhatu yana rubutawa. Wannan sounding ne. Masu hasashen yanayi sukan ɗaura na'ura a jikin balan-balan su sake ta sama don su san halin iska, shi ma haka suke kiransa. Ƙatuwar dabbar nan ta teku mai fesar da ruwa ta ka, idan ta nutse can ƙasa, da kalmar ake faɗa. Har a ofis, idan manaja yana son sanin cikin mutum ba tare da ya tambaye shi kai tsaye ba, kalmar suke ara.

Wanda nake yi yanzu shi ne mafi ƙanƙanta a cikinsu, kuma tun da ba ki taɓa tambayata ba sai yau, bari in faɗa miki. Kafin a ba da hayar jirgi, kamfaninmu yakan tura ni in auna man da ke cikin tankunansa. Ina da tef na ƙarfe, da ɗan dunƙulen tagulla a bakinsa. Nakan shafa wa tagullar wani mai mai kauri, launin ƙasa-ƙasa, in zura ta cikin bututu har ta taɓa gindin tanki, in jawo. Ruwa ya fi dizal nauyi, a ƙasa yake kwanciya. In akwai shi, man da na shafa sai ya koma ja. In babu, yana nan yadda yake. Ƙa'ida ita ce ni in fara faɗin abin da na gani, injiniyan jirgin ya duba ya tabbatar, mu sa hannu mu biyu. Aikin ke nan, Hajiya. Na'urori sun cika jirage yanzu, amma har gobe kotu da tef ɗin take yarda.

Wani abin daɗi: makon jiya a masallaci na ji wani yana gaisuwa da Hausa irin ta mutanen Gana. Sunansa Bawah, ɗan zangon Takoradi ne, magidanci mai 'ya'ya huɗu, injiniya a wani ƙaramin jirgi mai jan manyan jirage zuwa bakin tasha. Sai da ya durƙusa ya gaishe ni, a tsakiyar Larabawa, yana kirana Baaba. Na ce ya tashi, nan ba a yin haka. Ya ce shi a gidansu ana yi. Ashe jirginsu ne zan auna ranar Lahadi. Shekara goma sha huɗu ina hawa jirage a ƙasar nan, ban taɓa samun wanda zan yi wa Hausa a bakin tanki ba.

Kin yi tambaya a kan rubutuna, cewa a hoton wasiƙun da nake turowa baƙaƙen sun ƙara girma. Alƙalamin ne mai kauri. Kada ki sa wa ranki komai.

Ki gaishe da Inna, da Mansur da iyalinsa, da malamar ƙamus. Allah ya sada mu da alheri.

Mijinki,
Mijinyawa Tanko Yauri.

Mesaimeer, Doha,
Juma'a, 23 ga Agusta.

Hajiya,

Sallama da gaisuwa da fatan kuna lafiya. Na gode da addu'a. Ki yi haƙuri da shirun da na yi Juma'ar da ta wuce, abubuwa ne suka taso a wurin aiki.

Jirgin su Bawah da na ba ki labari ya samu matsala. Na auna shi ranar Lahadi da hantsi, muka sa hannu cewa babu ruwa a tankuna. Ranar Talata suna jan wani babban jirgin kaya a mashigar tasha, injinsu ya mutu. Igiyar da ke tsakaninsu ta saki, sa'an nan ta fizga, ta karya wa wani ma'aikaci hannu. Allah ya taƙaita, wani jirgin ya kawo ɗauki kafin babban ya bugi gaɓa. Da aka buɗe injin, sai aka tarar ruwa ya sha maimakon mai.

An kafa kwamitin bincike. Ni ba a tuhume ni da komai ba, hankalinki ya kwanta. Manajanmu, wani Balarabe mai kirki, ya ɗaga takardata a gaban mutane ya ce in dai Mista Tanko ya rubuta babu ruwa ranar Lahadi, to babu ruwa ranar Lahadi, khalas, wato magana ta ƙare. Ya ce shekara goma sha huɗu ba a taɓa dawo da awona ba. Saboda haka abin da ake zato shi ne ruwan ya shiga ne bayan na sauka, watakila an bar murfin bututu a buɗe ana wankin jirgi. Wannan kuwa a wuyan injiniya yake. An dakatar da Bawah, an karɓe takardar shedar aikinsa har a gama. In laifin ya tabbata a kansa, ba korar kaɗai ba ce. Kamfanin ne kafil ɗinsa, wato mai riƙe da izinin zamansa, dole ya bar ƙasar, kuma da wuya wani jirgi ya sake ɗaukarsa a ko'ina.

Ya kamata in ji daɗin yabon da aka yi mini. Na dawo gida na ɗora shayi, na manta da shi har ruwan ya ƙone.

Yau ban je masallacin da muke haɗuwa da Bawah ba, na tafi wani a can gaba. Na gaya wa kaina cewa ya fi sanyi.

Na gaji, Hajiya. Da ina da ƙarfin dā, da na ce gajiyar hawa tsani ce. Ina yawan tuna Malam Ɗalhatu kwanakin nan. Wata rana a Lakwaja rana ta dame ni, na kira masa lamba ban dubi gorar da kyau ba. Ya ajiye fensir, ya sa aka mayar da kwalekwalen baya, ya ce in sake. Bai yi mini faɗa ba. Cewa kawai ya yi akwai wanda zai bi ta wurin da iyalinsa saboda ya yarda da lambar.

Ki sa ni a addu'a. A gaida kowa da kowa.

Naki,
Mijinyawa.

Mesaimeer, Doha,
Juma'a, 6 ga Satumba.

Uwargida Hajiya Safiyyatu,

Assalamu alaikum. Ina fata wannan takarda ta same ki cikin ƙoshin lafiya, ke da duk wanda ke gidan. Wannan ki karanta ta ke kaɗai, kada Bilƙis ta karanta miki.

Maganar girman rubutuna, ba alƙalami ba ne. Na yi miki ƙarya, kuma ina neman gafararki.

Tun watan Janairu na je wani asibitin ido a Al-Sadd, da kuɗina, don kada kamfani ya sani. Likitar 'yar ƙasarmu ce, Dakta Haulat. Ta ce ciwon suga ya taɓa can cikin idon. Tsakiyar abin da nake kallo ne ke dushewa, kuma launuka suna gudu, musamman ja. Ta ce za a iya rage masa sauri, amma abin da ya tafi ba zai dawo ba. Ta tambaye ni aikina, na faɗa mata. Ta ajiye biro ta ce, "Baba, wannan aikin ya ƙare." Na yi mata godiya, na ninke takardarta na sa a ƙasan akwati.

Ga dabarar da na yi ta yi wata bakwai. Na gaya miki ƙa'ida ita ce ni in fara faɗa. To sai na juya ta. In na jawo tef, sai in miƙa shi gaban injiniya in ce masa, me ka gani? Su kuwa Indiyawa da 'yan Filifin da Turawa ba sa jira, nan take za su faɗa, ni kuma in gyaɗa kai in rubuta. Har suna yabona, wai dattijo ne mai ba na ƙasa dama. Da idon mutane na yi ta aiki ina sa hannuna. Na ce wa kaina saura shekara biyu kwantiragina ya cika, in fita da sunana cikakke, a yi mini walima, in dawo miki da kai a sama.

Ranar Lahadin da na auna jirgin su Bawah dabarar ta ƙi. Na jawo tef, na miƙa wa Bawah, na ce me ka gani? Ya sunkuyar da kai ya ce shi ba ya riga babba magana. Na ce wannan aiki ne, ya faɗa. Ya yi dariya ya ce, "Haba Baaba, kai ne malam, ni wane ne?" Kyaftin yana tsaye a kanmu yana duba agogo yana cewa yalla, yalla, wato mu yi sauri. Na kai tagullar kusa da fuskata. Rana tana dukanta, gumi yana shiga mini ido. Abin da na gani ƙasa-ƙasa ne. Na ce babu ruwa. Bawah ya sake duban tagullar, sa'an nan ya ce to, ya sa hannu.

Shekaranjiya ya zo har gida. Yana zaune ne a ɗakin wani ɗan garinsu a Mu'aither tun da aka sauke shi daga jirgi. Ya rame. Ya kawo mini dabino, ka ce shi ne mai laifi. Ya ƙi zama a kujera, ya zauna a ƙasa. Mun daɗe muna zancen banza, zafi da tsadar tumatir, kafin ya ce akwai abin da ke damunsa. Ya ce ranar nan shi ya ga kamar ja a bakin tagullar, kamar faɗin yatsa biyu. Amma da ya ji na ce babu, sai ya ɗauka idonsa ne, ko tsatsar bututu ce, don mutum kamata ba zai ga ja ya ce babu ba. Kuma ko da ya tabbata, ba zai iya ƙaryata sa'an ubansa a gaban baƙi ba.

Bai zo don ya tuhume ni ba, Hajiya, abin da ya fi ci mini rai ke nan. Ya zo ne ya gaya mini kada in damu, ba zai ambaci wannan a gaban kwamiti ba. Ya ce shi yaro ne, zai iya komawa Takoradi ya gyara injin kwalekwalen masunta, amma furfura ba ta jure kunya. Mutum mai shekara arba'in da biyar da 'ya'ya huɗu, wai shi ne yaro.

Na buɗe baki in gaya masa gaskiya, sai na ji ina ce masa ya ƙara shayi. Na raka shi har bakin titi, ya shiga motar haya, na dawo.

Kwamiti zai yi zamansa na ƙarshe ranar sha bakwai ga wata. In na yi shiru, babu mai sani har abada, don shi ba zai faɗa ba. In na yi magana, shekara talatin da takwas za su ƙare da wannan layi guda, kuma duk takardar da na sa wa hannu tun Janairu sai an sake dubanta. Na san abin da ya kamata. Sanin bai taɓa yi mini wuya ba. Ƙafafuna ne suka yi nauyi. Ban taɓa neman shawararki a kan aiki ba, kuma yanzun ma ban san ko shawara nake nema ba, ko kuwa so nake wani ya sani don in rasa wurin ɓuya.

Ki yafe mini. Allah ya rufa mana asiri duniya da lahira.

Mijinki,
Mijinyawa.

Mesaimeer, Doha,
Juma'a, 20 ga Satumba.

Hajiya, uwargidana,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Gaisuwa da godiya. Ina fata kuna lafiya, Inna kuma tana samun sauƙi.

Na saurari saƙon muryarki ya fi sau goma. Ban san kin gane tun azumin bara ba, da kika ga ina karkata kai ina karatun Alƙur'ani da gefen ido, kika kuma ga na zuba shayi a gefen kofi na ce butar ce. Kika yi shiru kina jira in faɗa da kaina. Sai kuma ƙarshen saƙon, inda kika ce, "Alhaji, bayanin Turancin ya isa haka. Je ka faɗa musu, ka dawo gida." Ban taɓa jin kin yi mini magana da wannan murya ba. Na gode.

Ranar Talata na je. Mutum biyar ne a kan teburi, da manajanmu, Bawah yana gefe cikin rigar da ta yi masa yawa. Ba a kira ni ba, ni na nemi izini. Na san in da baki na faɗa, za su ce dattijo ne yake son ya ceci ɗan'uwansa baƙar fata. Saboda haka na shiga da tef ɗina da kofin ruwan sha. Na shafa wa tagullar mai a gabansu, na tsoma ta cikin kofin, na ɗaga. Na ce musu na san yanzu ta koma ja, don a ruwa na tsoma ta, amma wallahi ni ƙasa-ƙasa nake gani. Sa'an nan na ajiye takardar Dakta Haulat mai kwanan watan Janairu, na ba su labarin dabarata tun daga farko.

Manajan ya cire tabarau ya rufe fuska da hannu. Bawah ya miƙe yana cewa a'a, a'a, shi ne ya ga ja ya yi shiru, laifinsa ne. Na juya na ce masa da Hausa ya zauna. Ya zauna. Ko a nan ɗin ma bai iya musa mini ba.

Jiya hukunci ya fito. An mayar wa Bawah takardarsa da aikinsa, tare da gargaɗi a rubuce saboda shirun da ya yi, kuma ya cancanci gargaɗin. Ni an soke izinina na awo. Za a sake duba takarduna na wata bakwai. Manajan ya roƙa mini aka bar ni in ajiye aiki da kaina maimakon kora, ya kuma zo har ƙofa ya riƙe hannuna, amma bai iya kallona ba. Babu walima. Na je asibiti na duba mutumin da hannunsa ya karye, na gaya masa ni ne sanadi. Bai ce ya yafe ba, bai ce bai yafe ba, ya juya fuska bango. Wannan zan taho da shi, ba a barinsa a filin jirgi.

Yau na koma masallacinmu. Bayan salla na ba Bawah tef ɗina, wanda na saya a Legas kafin a haifi Mansur. Ya ƙi karɓa har sai da na ɓata rai. Na ce da sharaɗi ɗaya: a bakin tanki babu Baaba. Ya gaishe da babba a masallaci, ya durƙusa in yana so, amma in ya ga ja ya faɗa da ƙarfi, ko wa ke tsaye. Ya ce zai yi ƙoƙari. Na ce ba ƙoƙari na roƙa ba. Ya ce to, zai faɗa. Ya yi kuka, ni kuma na yi kamar ban gani ba, wanda yanzu ba ya yi mini wuya.

Ina tsammanin zan ji kunya ta danne ni. Tana nan, ba ta tafi ba. Amma daren jiya na yi barci tun bayan isha'i har kiran asuba, rabona da haka tun Janairu.

Zan taso ranar biyu ga Oktoba. Ki gaya wa Mansur ya tare ni a Abuja, ya shigo har ciki, kada ya tsaya daga nesa yana ɗaga mini hannu. Ki gaya wa yara gaskiyar dalilin dawowata, kada a ce ritaya ce kawai. Bilƙis kuma ta shirya, ita za ta riƙa karanta mini jarida, har da ƙamus ɗin nata in ta ga dama.

Saura roƙo ɗaya. Na san yadda gidan zai cika ranar, mata za su taru a tsakar gida da mayafai iri ɗaya, ni kuma daga bakin zaure fuskoki duk ɗaya suke a wurina. Na san al'adarki tun muna Lakwaja: in na dawo daga tafiya kikan koma gefe ki yi shiru, sai na neme ki na fara yi miki magana. Wannan karon kada ki jira ni. Ba na so in gaishe da wata a madadinki a gaban jama'a. Ki riga ni magana, Safiyyatu, ko da sannu da zuwa ce, in ji inda kike.

Allah ya kawo ni lafiya, ya same ku lafiya. Wassalam.

Mijinki,
Mijinyawa Tanko Yauri.